Lita ta Takwas

Shekara talatin da ɗaya Usta Tijjani ya yi yana duba motocin alhazai. In ka zauna da shi a ƙofar gidansa a unguwar Mansur ta Makka bayan la'asar, ba za ka tashi ba sai ka ji cewa a duk shekarun nan babu bas ɗaya da ta fito daga hannunsa ta kwanta a hanyar Arfa. Ba da alfahari yake faɗa ba. Yakan faɗe ta ne kamar yadda mutum yake faɗin sunan mahaifinsa.

Abin da ya riƙe a sana'ar ɗaya ne, kuma gadonsa ya yi daga ubangidansa, marigayi Usta Mukhtaru, wani Bahaushe da iyayensa suka biyo ta Sudan. Ranar Arfa bas takan yini a kunne, ga rana, ga na'urar sanyi, ga cunkoson yamma in an doshi Muzdalifa, tafiyar da mai sanda ma zai wuce ka. A haka inji yake shan baƙin mai kaɗan-kaɗan ba wanda ya sani. Saboda haka in Usta Mukhtaru ya cika mai ya kai alama, sai ya ɗauko wata kwalba ya ƙara lita ɗaya a kai.

"Wannan guzuri ne," yakan ce. "Motar da za ta ɗauki baƙin Allah ba a tura ta da awo daidai wa daida."

Haka Tijjani ya tashi, haka ya tsufa. A cikin bas mai shan lita talatin, lita ɗaya ba ta taɓa yin ɓarna ba, ta dai sha yin rana.

Sai kamfani ya kawo sababbin motoci masu kwamfuta, shi kuma idonsa ya fara gani dishi-dishi. Aka ba shi takardar yabo a cikin gilashi, aka ɗauki hoto, aka sallame shi. Ya dawo gida ya zauna. Da safe ya je masallaci, ya dawo ya zauna. Matarsa Ummulkhairi ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin farcensa fari ba sai yanzu, kuma ba ta ga ya yi masa kyau ba.

Ɗansu Hatim yana aikin gyaran na'urorin sanyi a wani otal a Jarwal, amma zuciyarsa tana wani wuri. Shekara uku shi da abokinsa Muhannad suna gina motar tsere a wata ƙaramar warsha, wato gareji, da suka kama a Sina'iyya, unguwar makanikai. Tsohuwar mota ce 'yar Amurka, sun cire mata kujeru da duk wani abin ado, sun dasa mata inji mai silinda takwas. A saman injin sun ɗora abin da suke kira subar, na'urar da ke cusa wa inji iska da ƙarfin tsiya, har ta ɓullo ta saman murfi kamar tozon raƙumi. Tseren ba dogo ba ne: mita ɗari huɗu a miƙe, daƙiƙa tara ko goma, an gama.

Da farko Tijjani ko kallon motar ba ya son yi. Ya ce shi ya san mota da kai mutane wani wuri, wannan kuwa ina take kai mutum? Amma wata rana Hatim ya shigo ya tarar da shi yana kwance agogon bango da lafiyarsa ƙalau, don kawai ya mayar. Ya daɗe a tsaye yana kallonsa.

"Abuya," ya ce, "tashi mu je warsha. Akwai aiki, ba mu da mai yi."

"Wane aiki zan yi a motar aljanu?"

"Zait, baƙin mai. Kowane gwaji sai an juye an zuba sabo. Ni wallah ba ni da haƙuri, Muhannad kuma rabinsa a ƙasa yake zubarwa. Daga yau zait naka ne, ba mai taɓawa."

Tijjani ya yi 'yan ƙunƙuni, amma kafin Hatim ya juya mota ya riga ya sa takalmi.

Muhannad maƙeri ne na zamani, mai walda, ɗan wasu Hausawa da suka zo daga Chadi. Tun suna makarantar firamare yake shiga gidan Tijjani har kicin. Shi ya ƙera kartir ɗin motar da hannunsa, wato kwanon da mai yake kwanciya a ƙarƙashin inji. Ya yi masa shinge-shinge a ciki don kada mai ya gudu baya in mota ta zabura, ya kuma toshe ramin sandar awo, don ƙarfin subar yakan feso mai ta nan. Saboda haka ba a duba man motar da sanda, ƙidaya ake yi.

"Lita bakwai, Ammi," in ji Muhannad, don haka yake kiransa, wato baffa. "Sab'a. Na auna na sake aunawa."

Tijjani ya kalli ɗan kwanon, ya kalli ƙaton injin da ke kansa. Bakwai! Injin da in an tayar da shi tantabarun saman warsha suke watsewa, injin da zai ɗauki ɗansa ɗaya tilo namiji ya yi gudun da ba a yi a titi, a ce lita bakwai cif, ko guzuri babu? Yara ne, sun san kwamfuta, ba su san rana ba.

Bai yi musu gardama ba. A ranar da za a fara gwaji a fili, da suka fita ɗauko tayoyi, ya zuba bakwai ɗin, sannan ya buɗe tsohuwar jakarsa ta aiki ya ɗauko kwalbar da ya saya da kansa, irin man nasu sak. Ya yi bisimilla ya juye ta. Bai ɗauki abin a matsayin ɓoyo ba. Ai uwa in za ta cusa wa ɗa kilishi a jaka ba shela take yi ba.

Filin tseren yana kan hanyar Jidda, fili ne mai izini, da motar asibiti da masu kashe gobara. Juma'a ce ta lokacin sanyi, bayan la'asar, ranar gwaji, saura mako ɗaya a yi gasa. Suka ja motar a kan tirela da tsohuwar a-kori-kurar Muhannad. Tijjani ya tsaya a bayan shinge ya toshe kunnuwa da yatsu, bakinsa yana motsi.

Fitila ta koma kore. Motar ta ɗaga gaba kamar doki, ta zabura. Kafin Tijjani ya gama salati ta cinye fiye da rabin filin. Sai kuma ƙarar ta yanke. Motar ta gangara ƙarshen layi a hankali, kamar wadda aka tsawatar wa.

Da aka janyo ta, Hatim ya cire hular kwano, fuskarsa jage-jage da gumi.

"Jar fitila," ya ce. "Allurar agogon mai ta faɗo. Tana sama lafiya lau, ina wuce rabi sai ta sauka, na ɗaga ƙafa."

"Wataƙila waya ce," in ji Muhannad.

Suka duba waya, suka bar inji ya huce, suka sake. Wannan karon ma daidai wurin, jar fitila. Tijjani ya shiga ƙarƙashi da bokitinsa ya kwance ƙusar juye mai. Abin da ya zubo bai yi kama da man da ya zuba ba. Ya yi fari-fari, ya yi kumfa, kamar shayin da aka ɗaga sama aka zubo.

Muhannad ya durƙusa ya sa yatsa, ya murza.

"Karank ya taɓa shi," ya ce. Ya juyo ga Tijjani don ya ga yana sauraro. "Ammi, ka san karank, sandar da ke juyawa a cikin inji. A bas a hankali take juyawa. A nan kuwa sau dubu bakwai a minti. In ta taɓa saman mai ko da kaɗan ne, sai ta zama maburgi, ta kaɗa shi ya koma kumfa. Famfo kuma in ya ja kumfa iska ya ja. Inji yana gudu babu mai, alhali mai yana nan cike."

"To me ya sa ta taɓa?" in ji Hatim.

"Shi ne ban gane ba. Na bar tazarar yatsa biyu tsakaninsu."

"Yatsan wa? Na jariri?"

"Ya shekh, da ruwa na auna, lita bakwai, a gabanka."

"A gabana kana waya da Wafa kana zaɓen kalar labule! Tun da aka sa maka rana kanka ba ya warsha."

"Kar ka sa Wafa a maganar kartir, Hatim."

Muhannad ya sake kallon bokitin, sannan ya ɗago a hankali, cikin ladabi.

"Ammi Tijjani, don Allah, lita nawa aka zuba?"

Tijjani ya buɗe baki. Amma kafin harshensa ya motsa, Hatim ya riga ya shiga tsakaninsu.

"A'a! Wallah ba ka isa ba! Ka ɓata aikinka sannan ka nemi ɗora wa ubana? Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya bas ɗaya ba ta kwanta masa ba, shi ne bai iya ƙirga bakwai ba?"

Mutane sun fara juyowa daga wasu motocin. Tijjani ya ga idanunsu, ya ga yadda ɗansa ya tsaya a gabansa ya buɗe ƙirji. Tun da aka sallame shi daga aiki ba wanda ya faɗi shekarun nan da bakinsa sai shi kansa. Yau ga Hatim yana faɗa a bainar jama'a. Sai ya rufe bakinsa. Ya sa wa bokitin murfi, ya juye man a jarka, ya ɗora a bayan mota.

"Khalas," in ji Hatim. "Gobe zan cire kwanon nan naka. Akwai na kanti a Jidda, na kamfani, wanda aka auna da hankali. Kai kuma ka je ka yi wa amarya ƙofar gida, shi ne daidai da kai."

Muhannad ya ɗaure motar a kan tirela. Shi ya tuƙa su har Makka, su uku a kujera ɗaya, Tijjani a tsakiya, ba mai magana sai rediyo.

Bayan magariba Ummulkhairi ta ajiye masa tuwo da miyar kuka, irin wadda ake samo kukarta a shagunan Mansur. Ya tsakura sau biyu ya wanke hannu.

"Malam, ko gishiri ya yi yawa?"

"A'a."

"To me ya yi yawa?"

Ya dube ta. Shekara talatin da biyar suna tare, bai taɓa iya ɓoye mata ko ciwon haƙori ba. Ya gaya mata duka, tun daga kwalbar har shirun da ya yi.

Ta ja kwanon gabanta ta rufe.

"Guzuri," ta ce. "Ni na san wata rana guzurin nan zai ja mana magana. Ba kai ne ka ƙara wa injin wankina sabulu har kumfa ta fito falo ba?"

"Ummulkhairi, ba wasa nake yi ba."

"Ni ma ba wasa nake yi ba. To yanzu me ka yanke?"

Ya gyara zama. Tun a hanya yake juya abin, kuma ya samo wata ƙofa.

"In Hatim ya sa sabon kwanon, sai in zuba abin da aka ce daidai, ba ƙari. Motar za ta yi lafiya. Yaron ya yi tserensa. Shi ke nan, ba wanda ya ji ciwo."

"Motar za ta yi lafiya," ta maimaita. "Sai kowa ya ce ashe da gaske kwanon Muhannad ne. Ka ga ka wanke kanka tas, ka shanya a bayan ɗan mutane."

Ta ci gaba.

"Yaron nan a kicin ɗin nan ya koyi cin tuwo da hannu. Uwarsa da za ta rasu, wa ta ce a kira mata? Wata biyu ya rage bikinsa, kuma Hatim ne babban abokin ango."

"In na faɗa, Hatim zai karɓe aikin." Muryarsa ta yi ƙasa. "Shi kaɗai ya rage mini. Zai ce tsufa ne. Zai dawo da ni kujerar ƙofar gida, ya riƙa gaishe ni da tausayi. Kin ga yadda ya tsaya mini yau kuwa? Da kin gani."

Ta daɗe tana kallon hannuwansa. Farcen ya koma baƙi kamar da.

"Na san abin da za ka rasa," ta ce. "Ba zan ce maka ƙarami ba ne. Amma wanda ya tsaya maka yau, a kan gaskiyarka ya tsaya, don bai san ka da wani abu ba sai ita. Tashi, an kira isha."

Washegari Asabar, Hatim ba shi da aiki. Da hantsi Tijjani ya isa warsha da jarkar a hannu ɗaya, buhun kwalabe a ɗaya. Ya tarar Hatim yana ƙarƙashin mota yana kwance ƙusoshin kartir. Muhannad yana can gefe yana tattara injin waldarsa da wayoyinsa cikin akwati. Kowa ya ba ɗan'uwansa baya.

"Ku zo nan," in ji Tijjani. "Ku biyun."

Ba su taɓa jin wannan muryar a warsha ba. Muryar Usta ce ta filin bas. Suka zo.

Ya jera kwalabe a kan teburin ƙarfe, kowace mai cin lita ɗaya, waɗanda aka juye jiya. Ya sa mazurari a ta farko ya fara zuba man da ke jarkar. Kumfar ta kwanta cikin dare, man ya koma kamanninsa. Ɗaya ta cika, ya matsa. Biyu. Uku. Ko ɗigo bai zubar ba. Hatim ya fara cewa, "Abuya, mene ne…" sai Muhannad ya taɓa masa hannu.

Shida. Bakwai.

Jarkar ba ta ƙare ba. Tijjani ya buɗe tsohuwar jakarsa ya ɗauko kwalba ta takwas, wadda ba su san da ita ba. Ya sa mazurari. Man ya hau har ya wuce rabi, sannan jarkar ta yi ɗigo ta tsaya.

"Sauran yana cikin matatar mai da jijiyoyin inji," ya ce. "Takwas na zuba. Muhannad ya tambaye ni jiya, na yi shiru. Awonsa daidai ne. Ni na cike tazarar yatsa biyun da ya bari."

Can waje wani yana ta bugun ƙarfe.

"Lesh?" in ji Hatim. In ransa ya ɓaci Hausarsa guduwa take yi. "Lesh, Abuya? Don me? An ce maka bakwai!"

"Guzuri ne."

"Guzuri? Arfa za ni? Daƙiƙa tara ce, Abuya! In da injin nan ya kama a ƙarshen layi, man ya zubo ƙarƙashin taya, ka san inda zan tsinci kaina?"

"Na sani. Tun jiya ba abin da nake gani sai shi."

"Kuma ka bar ni na zage shi a gaban mutane!"

"Na bar ka."

Tijjani bai sunkuyar da kai ba, bai kuma kare kansa ba. Ya juya ga Muhannad.

"Ɗana, na zalunce ka. Ba a kan mai ba, wannan kuskure ne. A kan shirun. Ka yafe mini."

Muhannad ya rasa inda zai sa idonsa. Bai saba ganin babba yana roƙonsa ba. Ya kama kan Tijjani ya sumbata, kamar yadda ake yi wa uba a nan.

"Haba Ammi. Wallahi na yafe. Ni dai jiya ban yi barci ba, ina ta auna yatsuna da ruwla, na ce ko sun ƙanƙance ne."

Hatim bai yi dariya ba. Ya koma ƙarƙashin mota ya ƙarasa cire kwanon, ya kwance sabayik, 'yan faifan ƙarfen da karank ke kwanciya a kai. Ya fito da biyu ya ajiye a teburin kusa da kwalaben. Sun goge, jan ƙarfen cikinsu ya bayyana. Ba sai an gaya wa Usta ba: sai an sauke inji gaba ɗaya, an kai karank wurin masu gogewa. Gasar Juma'a, wadda suka yi shekara uku suna jira, ta wuce su.

Tijjani ya ɗauki jakarsa ya fita. Ba wanda ya kira shi.

Kwana tara ya yi a kujerar ƙofar gida. Hatim yana gaishe shi safe da yamma, gaisuwa cikakkiya, ba ragi, amma ba ya tsayawa. Ranar gasar ma ya fita bai faɗi inda za shi ba. Maƙwabta suka lura Usta ya daina ba da labarin bas. Ummulkhairi ta ga ya sake sauko da agogon bango, sai ta kawo masa faranti don kada ƙananan ƙusoshin su ɓace.

Rana ta goma, a-kori-kurar Muhannad ta tsaya a ƙofar gida tana tari. Ya fito da kartir ɗin a hannu, wankakke, ya ajiye a gaban Tijjani. Hatim yana zaune a cikin motar, ya juyar da kai yana duba waya.

"Ammi, shawara muka zo nema. Na ce muka." Ya ɗaga murya wajen motar. "Wani ne dai wuyansa ya ƙage."

Ya tsuguna ya nuna cikin kwanon.

"Mun duba abin da kwamfuta ta naɗa. Tun kafin kumfar, a daƙiƙar farko, in mota ta zabura allurar tana ɗan rawa. Famfo yana tura mai sama da sauri fiye da yadda yake dawowa, sauran kuma ya gudu baya. Da takwas ɗin ma haka ta yi, ka ga bakwai ta yi wa injin kaɗan. Gaskiyarka ce, yana son ƙari. Wurin zubawa ne babu. A sama karank, a ƙasa kuma in na zurfafa shi zai daki ƙasa. Hatim ya ce mu sayi irin na manya, mai tanki daban da famfo uku, na ce masa wannan sai mun sake rabin mota."

Tijjani ya ɗauki kwanon ya juya shi. Ya shafa gefensa da tafin hannu, dama da hagu. Ya rufe ido kamar mai tuna hanya.

"Akwai wasu bas-bas da muka yi fama da su da daɗewa, gajerun ƙafa ne, kwanonsu yana dukan kwalta in an hau tudun Mina. Usta Mukhtaru ya yanke musu zurfi, ya faɗaɗa musu ciki. Sama ba wuri, ƙasa ba wuri, to gefe fa? Tsakanin kwanon nan da ƙashin mota, ta hannun direba, tafina yana shiga a kwance. Na sha sa hannu a wurin in ina kwance ƙusa. Ka yi masa kumatu. Mai ya ƙaru, amma ya kwanta ƙasa da inda yake. Ka sa 'yar ƙofa mai buɗewa ciki kawai, mai ya shigo wajen famfo, kada ya koma."

"Ta hannun dama akwai bututun hayaƙi," in ji wata murya daga cikin mota.

"To a yi na dama ƙarami," in ji Tijjani, bai ɗago ba.

"Ƙarami kamar yaya?"

"Sai na gani da idona. Daga kujera ba a awo."

Sai ƙofar motar ta buɗe, Hatim ya fito ya tsaya ya riƙe ta.

"Yallah, Abuya. Shiga tsakiya."

Bayan wata ɗaya suka koma filin, ranar gwaji. Kwanon ya yi kumatu biyu, ɗaya ya fi ɗaya, kamar mai ciwon haƙori. Sun auna shi da ruwa sau uku, su ukun suna tsaye: lita takwas, da tazarar yatsa uku a ƙarƙashin karank. Hatim ya jera kwalabe a kan tirela, ya miƙa wa mahaifinsa mazurari.

"Zait naka ne," ya ce. "Amma da sharaɗi. Da ƙarfi za ka ƙirga, muna ji."

Tijjani ya ƙirga da ƙarfi, da Hausa, Muhannad yana amsawa da Larabci kamar ɗan amshi. Da ya kai takwas ya rufe murfi ya ɗaure.

"Ammi, a buɗe jaka," in ji Muhannad. "Binciken kwastan."

Tijjani ya yi kamar bai ji ba. Hatim ya miƙa hannu ya buɗe jakar da kansa. Ga ta nan kwance kusa da sifana, kwalba ɗaya, sabuwa, ba a fasa ba.

"Abuya!"

"Ban zuba ba. Hannuna ne ya saya, ni ban aike shi ba."

Hatim ya daɗe yana kallon kwalbar. Sannan ya mayar da ita cikin jakar, ya ja zif, ya sa hular kwano.

Tijjani ya tsaya a bayan shinge, yatsu a kunne. Kore. Motar ta ɗaga gaba ta zabura. Ta wuce rabi, ta wuce inda ta saba yankewa, ƙarar ba ta yanke ba sai da ta tsallake layi, lemar birki ta buɗe a bayanta. Da aka janyo ta, bai tambayi daƙiƙa nawa ba. Ya leƙa ta taga.

"Allurar?"

"Ko motsi," in ji Hatim.

Tijjani ya gyaɗa kai. Ya bar su suna ihu suna dukan kafaɗar juna, ya zagaya bayan tirela inda a-kori-kurar take tsaye tana jiran ta ja su zuwa Makka. Ya ɗaga murfinta, ya zaro sandar awo, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, ya kawo ta kusa da idonsa. Man yana daidai kan alama. Tsohuwar mota ce, tana shan mai, ga kaya, ga hawa a hanya.

Ya buɗe jakarsa, ya ɗauko kwalbar, ya yi bisimilla.